Yadda mutum ɗaya zai loda barewa a bayan a-kori-kura ba tare da ya karya ƙugunsa ba

Tambaya: Malam, bana shekarata ta biyu ke nan da samun lasisin farauta a jihar Pensilbaniya ta Amurka. Bara mu uku muka fita, don haka ɗora barewa a mota bai zame mana aiki ba, amma bana abokan tafiyar ba su samu hutu ba, ni kaɗai zan shiga daji. Motata a-kori-kura ce mai ɗan tsayi, shekaruna kuma 46. Idan Allah ya ba ni sa'a, yaya zan yi in loda ta ni kaɗai?

Amsa: Ƙanena, Allah ya ba da sa'a, ya kuma dawo da kai gida lafiya. Na yi kaka goma sha biyar ina farautar barewa mai farar wutsiya a arewacin wannan jiha, galibi a dazuzzukan gundumomin Potter da Tioga, kuma fiye da rabin fitar da na yi ni kaɗai na yi ta, domin mutanenmu da ke nan kowa da aikinsa. Abin da zan faɗa maka a taƙaice, kafin in shiga bayani, shi ne cewa wanda yake shi kaɗai ba ɗaga barewa yake yi ba, janta yake yi. Duk dabarun da za ka ji a bakin maharba a kan abu ɗaya suke tafiya, wato kada nauyin dabbar gaba ɗaya ya taɓa sauka a kan ƙugunka ko sau ɗaya, daga inda ta faɗi har cikin bodin mota. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gaskiya ne, sai dai a nan katako da igiya da tudun ƙasa su ne za su zame maka sauran hannuwan.

Ya kamata ka fara sanin abin da za ka yi fama da shi, domin sunan barewa yana yaudarar mutumin da ya tashi a ƙasar Hausa. Barewar da muka sani a Sahel ƙaramar dabba ce wadda saurayi zai saɓa a kafaɗa ya yi tafiyarsa. Ta nan ba haka take ba. Babbar mace takan kai kilo 45 zuwa 65, namiji da ya cika kuwa yakan kai kilo 70 zuwa 100, wani ma ya wuce, wato kamar babban ragon layya irin balami, ko fiye. Idan an farke ciki an fitar da kayan ciki, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin yakan tafi, don haka namijin da ya kai kilo 90 da rai zai dawo wajen kilo 70. Wani zai ce ai buhun shinkafa mai kilo 50 ma yana ɗauka, me zai hana ya ɗauki wannan? Bambancin shi ne buhu yana tsayawa yadda ka riƙe shi, ita kuwa dabbar da ta mutu yanzun nan jikinta a sake yake, idan ka ɗaga gaba sai baya ya zame, idan ka rungumi tsakiya sai kai da ƙafafu su rinjaye ka, ga gashi mai santsi, ga jini, ga ƙaho yana neman cinyarka. Ƙyauren bayan manyan a-kori-kura irin su Ford F-150 kuwa, idan an sauke shi, yana nesa da ƙasa da kimanin santimita 85 zuwa 90, wato daidai ƙugun mutum matsakaici, wanda kuma ya ƙara wa motarsa manyan tayoyi ya ƙara wa kansa aiki.

Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar nauyin da ya dace ma'aikaci ya riƙa ɗagawa da hannu, kuma wannan idan komai ya yi daidai ne, kayan yana manne da jiki, yana da wurin riƙo, mutum bai murɗa ƙugu ba. Babbar barewar da aka fitar wa kayan ciki tana iya ninka wannan sau uku, kuma babu ɗaya daga cikin waɗancan sharuɗɗa da ta cika. Akwai kuma maganar zuciya, wadda shekarunka suka sa dole in ambata. Likitocin wani asibiti a jihar Mishigan sun taɓa maƙala wa maharba 25 masu matsakaitan shekaru na'urar auna bugun zuciya suka bar su suka shiga daji, aka wallafa sakamakon a 2007, kuma abin da aka gani shi ne jan barewa yana kai bugun zuciya ƙololuwa, har wasu daga cikinsu suka zarce abin da suka kai a kan injin gudu na asibiti. Ka lura kuma cewa lodi yana zuwa ne a ƙarshen wahala, bayan ka tashi tun kafin asuba, ka wuni cikin sanyi, ka ja dabbar mita ɗari biyar ko fiye a kan tudu da gangara. Idan kana da hawan jini ko ciwon suga, ka ga likita kafin kaka ta kama, idan kuma ka ji ƙirjinka ya ɗaure ko numfashi ya gagara, ka saki igiya ka zauna ka nemi taimako.

A kakata ta uku na koyi wannan darasi da jikina. Na harbi wani namiji mai rassan ƙaho takwas da la'asar sakaliya, na ja shi har bakin hanya, na iso duhu ya riga ya rufe, domin a farkon Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe biyar. Na yi abin da kusan kowane sabon maharbi yake yi, na hau ƙyauren mota na tsaya, na sunkuya na kama ƙahonin da hannu biyu na finciko. Kai da wuya suka hau, ƙirji ya maƙale a gefen ƙyauren, takalmina ya zame a kan jinin da ya fara daskarewa, sai na ji wani abu ya tsarge ni daga kwankwaso har yatsan ƙafa. Na zauna a cikin bodin kusan minti ashirin ina kallon tururin numfashina a hasken fitilar goshi, dabbar tana reto rabi a sama rabi a ƙasa, waya kuma babu sabis. Wani dattijo mai wucewa ne ya tsaya ya taimake ni, kuma abin da ya fara yi ba kama barewar ba ne, cewa ya yi in ba shi mukulli. Ya ja motar gaba kaɗan, ya dawo da baya har tayoyin baya suka faɗa cikin ramin ruwan da ke gefen hanya, ƙyauren ya sauko ya kusa taɓa tudun da ke bayan ramin, sai ya ja dabbar da hannu ɗaya ta shige. Na yi mako uku ina sallah a zaune.

Kafin a kai ga mota akwai abubuwan da ba a tsallakewa. Ka tunkari dabbar ta bayanta, ka taɓa idonta da dogon kara, idan bai ƙifta ba ta mutu. Idan ka same ta da sauran rai, kai da ka yi bisimilla kafin ka saki harsashi, sai ka yanka ta kamar yadda malamai suka yi bayani, amma ka yi hattara da kofaton gaba, yana yanka kamar wuƙa. Dokar jihar ta ce sai ka cike takardar shaidar kamu ka ɗaura ta a jikin dabbar kafin ka gusa da ita daga inda ta faɗi, sannan ka kai rahoto ga hukumar kula da namun daji cikin kwana 10. Ka cire harsashi daga bindiga tun kafin ka isa mota, domin a nan laifi ne a ajiye bindigar da ke ɗauke da harsashi a cikin mota, ko a kanta, ko ma a jingine ta da ita. Rigarka da hularka masu ruwan lemo kada ka tuɓe su don zafin aiki ya kama ka, kuma kada ka taɓa saɓa barewa a kafaɗa ka ratsa daji da ita a lokacin farautar bindiga, domin mai hange daga nesa ƙaho da launin gashi yake gani suna tafiya, ba kai ba. Fitar da kayan ciki kuwa a nan take ake yinsa, yana rage maka nauyi, yana kuma sa naman ya fara hucewa.

Mafi arhar dabara ita ce wadda dattijon nan ya nuna mini, wato ka sauko da motar maimakon ka ɗaga dabbar. Tun da safe, kafin ka shiga daji, ka zagaya da ido ka nemi wurin da hanya ta yanki gefen tudu, ko ramin ruwa marar zurfi, ko tarin tsakuwa da masu gyaran hanya suka bari, duk inda za ka iya yin baya har ƙyauren ya zo kusa da ƙasa. Ramin da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba yana iya sauko da ƙyauren fiye da haka, saboda ƙyauren yana can bayan tayoyin, kuma idan bayan ramin tudu ne sai ka tarar saura taku ɗaya. Idan ka san wurin tun da safe, can za ka nufa da jan dabbar, ko da zai ƙara maka mita hamsin. Sai dai ka taka ƙasar da ƙafarka tukuna, domin ramin da ya daskare da safe yana iya zama taɓo da azahar, kuma maƙalewar mota a dajin da babu sabis ta fi ciwon baya tsada. Ka ja birkin hannu, ka sa dutse ko guntun itace a tayar gaba. A filayen farauta na gwamnatin jiha ba a yarda mota ta bar hanyoyin da aka buɗe ba, saboda haka kada ka sa rai za ka kai motar har inda dabbar ta faɗi.

Abin da ni kaina nake dogara da shi shekara goma ke nan abubuwa uku ne da ba sa barin bodin motata daga Nuwamba zuwa Janairu: komin roba, falanki biyu, da igiya mai fuli. Komin roba shi ne wannan baƙin abu mai kama da ƙaramin kwale-kwale da masu kamun kifi a kan daskararren tafki suke jan kayansu a ciki, ana sayar da shi a kowane shagon kayan farauta, kuma mai tsawon mita ɗaya da rabi ya isa. Amfaninsa ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba. Yana zamewa a kan ganye da dusar ƙanƙara, yana tattara jikin dabbar wuri ɗaya ya mai da ita kamar akwati, yana tare jini, yana kuma hana ƙasa shiga cikin da ka farke. Ba ɗaga ta ake yi a sa a ciki ba, kifa komin ake yi a gefensa a jikin bayan dabbar, a kama ƙafafu a mirgina ta ciki, sannan a lanƙwashe ƙafafun a ɗaure su da bel ɗin ɗaure kaya, a kwantar da kan a kan kafaɗa domin kada ƙaho ya riƙa kama saiwa. Kan dabbar ne ke gaba a kullum, saboda gashin barewa baya ya kwanta, kuma nauyin namiji a ƙirji da wuya ya fi taruwa.

Falankin kuwa su zama masu kauri inci biyu, faɗi inci goma, tsawo ƙafa takwas, wato kimanin mita 2.4. Ga lissafin da ya sa suke aiki. Idan tsayin ƙyauren santimita 90 ne, falankin kuma mita 2.4, to abin da za ka ja a kan gangaren bai wuce kashi 37 ko 38 cikin ɗari na nauyin ba, wato barewa mai kilo 70 ta koma kamar kilo 26, sai kuma abin da gogayyar roba da katako ta ƙara, wanda zai iya kai jimillar wajen kilo 40. Idan ka haɗa da dabarar farko ka rage tsayin zuwa santimita 45, wancan kilo 26 ya koma 13. Abu ɗaya da yake cutar da mutane a nan shi ne zamewar falanki daga bakin ƙyaure a daidai lokacin da nauyi ya kai tsakiya. Maganinsa shi ne ka buga guntun katako a ƙarƙashin kan kowane falanki domin ya kama bakin ƙyauren, ko ka sayi irin ƙarafan da ake ɗaura wa kan falanki don hawan babur, sannan ka ɗaure su da bel a jikin ƙarfen jan tirela. Ka bar tazarar tafin hannu biyu a tsakaninsu, yadda gindin komin zai zauna a kan duka biyun. Idan bodinka gajere ne falankin za su leƙo waje a hanya, sai ka ɗaure su da kyau ka rataya jan ƙyalle.

Fuli shi ne ƙaramar tayar ƙarfe mai kwari da igiya ke bi ta kanta, irin wadda ake ratayawa a bakin rijiya mai zurfi, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Fulin da aka ɗaure a jikin mota ba ya rage nauyi ko kaɗan, juya akalar igiya kawai yake yi. Wanda yake raba nauyi biyu shi ne wanda aka maƙala a jikin kayan, yana tafiya tare da su. Yadda nake haɗawa ke nan: in ɗaure bakin igiya a zoben ɗaure kaya na kusurwar gaba ta hagu a cikin bodi, in kawo ta baya in ratsa ta cikin fulin da ke hancin komin, in mayar da ita gaba in ratsa ta cikin fuli na biyu da ke zoben kusurwar dama, sannan in jawo ragowar waje. Da haka nake tsayawa a ƙasa da ƙafafuna biyu, a gefen falankin ba a ƙarƙashin kayan ba, in jingina baya in bar nauyin jikina ya yi aikin. Kowace mita biyu ta igiya da na ja, komin yana hawa mita ɗaya, kuma wancan kilo 40 ya koma wajen 20 da ɗoriya. Igiya mai tsawon mita 15 da kaurin ɗan yatsa ta wadatar, amma ta zama marar miƙewa, domin mai miƙewa tana shanye ƙarfinka kafin kayan su motsa. Idan ka gaji a tsakiya, ka naɗa igiyar sau biyu a ƙarfen jan tirela ka huta. Wurin da komin yakan tsaya shi ne inda falanki ya haɗu da ƙyaure, idan hancinsa ya ɗaga sama. A nan sai ka ɗaure igiyar, ka zagaya ka tura gindin da hannu, zai kwanta da kansa ya shige. Kada ka ɗaura igiya a ƙarfen ado ko robar gefen bodi, zoben da masu ƙera motar suka yi don ɗaure kaya kaɗai ne abin amincewa.

Wasu sun fi son allon filawud, kuma ba laifi gare shi. Ana yanka allo mai faɗin santimita 60 da tsawon da zai shiga bodi, a huda ramuka a gefe don riƙo da ɗauri. A mirgina dabbar a kai, a ɗaure ta tam a ƙirji da ƙugu, a ɗaga kan allon a ɗora a bakin ƙyaure, sannan a zagaya a ɗaga gindin a tura. Tsani na alminiyam ma yana yin wannan aikin. Kyawun dabarar shi ne rabin nauyin yana kan ƙasa ko kan mota a kowane lokaci, aibinta kuma shi ne rabin da ya rage ma ba kaɗan ba ne, domin kilo 70 da nauyin allo, idan an raba biyu, ya kusa kilo 40 a hannunka, daga ƙasa har ƙugu. Ga mace ko ƙaramin namiji ya yi, ga babban namiji kuwa ina ba ka shawara ka raba ɗagawar biyu, ka fara ɗora kan allon a kan akwatin ƙanƙara mai ƙwari ko kututture, ka gyara tsayuwa, sannan ka ƙarasa. Ka durƙusa da gwiwa, bayanka a miƙe, allon a jikinka, kuma idan za ka juya ka juya da ƙafa, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu.

Wata rana za ka samu kanka babu komai sai igiya, ko don ka manta, ko don ka ari mota. A wannan hali ka jawo dabbar har kanta ya zo ƙarƙashin ƙyaure, ka zarga igiya a gindin ƙahoni, ko a wuya idan mace ce, ka haɗa da ƙafafun gaba, sannan ka ratsa igiyar ta zoben gaba ka dawo da ita hannunka. Ka tallafi kan da cinyarka ka ɗaga kaɗan, ka janye sakin igiyar, ka sake ɗagawa, ka sake janyewa, har kai da kafaɗu su hau ƙyauren, sai ka ɗaure. Yanzu motar ce ke riƙe da rabin gaba. Ka tsaga fata tsakanin agara da ƙashi a ƙafafun baya domin ka samu wurin sa yatsu, ko ka zura guntun sanda ta cikin duka biyun, ka ɗaga gindin ka lilo da shi gefe ya hau. Tamfol ko babban kwali da aka shimfiɗa a bakin ƙyaure yana rage maƙalewa ƙwarai. Wani abin da na lura da shi kuma shi ne dabbar da ta yi awa uku ko huɗu ta sandare ta fi sauƙin sarrafawa a wannan hanya fiye da mai ɗumi, saboda ta zama kamar gungume, idan ka ɗaga gefe ɗaya ɗayan yana biyowa.

Akwai kayan sayarwa da aka ƙera don wannan aiki. Mafi amfani a ganina shi ne ƙaramin winci mai sanda da ake zurawa a ramin ƙarfen jan tirela, ana murɗa hannunsa ya ɗaga dabbar sama, sannan a juya sandar ta kai ta cikin bodi. Ga wanda ya haura shekara sittin ko mai tsohon ciwon baya, kuɗinsa bai kai na ganin likita sau ɗaya ba. Akwai kuma faifan ƙarfe na ɗaukar kaya da ake maƙalawa a wannan ramin, wanda bai fi tsayin gwiwa ba, shi ne ma mafita ga mai ƙaramar mota, sai dai a kula kada salansa ta riƙa hura wa naman zafi da hayaƙi. Dabarar da ba na so ita ce ta jefa igiya a reshen bishiya, a ɗaura a mota a ja dabbar sama, sannan a yi baya a shiga ƙarƙashinta. Tana aiki, na ga an yi, amma tana bukatar reshe mai rai a daidai bakin hanya, kuma mutum ɗaya ba zai iya kallon igiya da reshe da madubi a lokaci guda ba.

Idan dabbar ta faɗi a ƙasan kwari mai nisa, ko ta fi ƙarfin duk abin da ke hannunka, sai ka bar maganar ɗaukarta ɗungurungum. Ka feɗe ta a wurin, ka cire cinyoyi biyu da karfata biyu, ka zare naman gadon baya da na wuya, ka zuba a jakunkunan yadi masu shan iska, ka yi sawu biyu ko uku. Babu ƙullin da zai wuce kilo 15. Maharban jihohin yamma irin su Kolorado haka suke yi da dabbobin da suka ninka barewa girma. Kafin ka yi wannan ka karanta littafin dokokin da ake ba ka tare da lasisi na wannan shekarar, domin kowace jiha da abin da ta ce game da kai da takardar shaida da abin da za a bari a daji, kuma dokokin suna sauyawa.

Wannan ya kawo mu ga cutar da ake kira CWD, wadda take lalata ƙwaƙwalwar barewa har ta rame ta mutu. An fara gano ta a Kolorado a 1967, ta bayyana a Pensilbaniya a 2012, kuma tun daga nan hukuma ta shata yankunan da aka taƙaita fitar da sassan da cutar ta fi taruwa a cikinsu, wato kai da ƙashin baya da saifa. Saboda haka tun kafin ka loda, ka san ko inda kake yana cikin waɗannan yankuna, ka kuma san mahaucin da aka amince a kai wa, domin loda barewa sukutum ka ƙetare iyaka da ita yana iya zama laifi ko da lasisinka cikakke ne. Ba a tabbatar cutar ta kama ɗan Adam ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman dabbar da gwaji ya nuna tana ɗauke da ita, kuma a cikin yankunan akwai akwatunan da ake jefa kai don gwaji kyauta.

Bayan ta shiga bodi, ka kwantar da ita a gefe, ka tokare cikin da guntun sanda domin iska ta ratsa, ka ɗaure ta gaba da baya kada ta riƙa yawo a kwana. Nama yana son ya sauka ƙasa da digiri 4 a ma'aunin Selsiyos da wuri, don haka idan ranar da ɗumi, ka tsaya a gidan mai na farko ka sayi ƙanƙara leda biyu ka cusa a cikin ƙirjin ba tare da ka kwance ledar ba. Ka rufa mata tamfol sako-sako saboda ƙura da gishirin da ake zubawa a titi, da kuma idon mutanen gari da ba kowa ke son ganin jini ba, amma kada ka naɗe ta ruf, zafin jikinta zai dafa ta. Ka aika wa mutanen gida saƙo da zarar sabis ya dawo, su da ka riga ka gaya musu tun da safe hanyar da ka ajiye mota da lokacin da za su fara nemanka. Sai kaska: da jikin dabbar ya fara sanyi sukan bar ta su nemi mai ɗumi, kuma wannan jiha tana cikin waɗanda cutar Laim, wadda kaska ke yaɗawa, ta fi yawa a Amurka. Idan a cikin rufaffiyar mota ka ɗauko ta, ka bar ta a cikin komin, ka share motar a ranar. Kai kuma da ka isa gida ka jefa tufafin a injin busar da kaya da zafi sosai na minti goma kafin a wanke su, ka yi wanka, ka duba hammata da bayan gwiwa da matsematsi da bayan kunne, domin wadda take ɗauke da cutar ba ta fi ƙwayar riɗi girma ba.